Filin Shari'a: Kowane Hukunci Da Adireshinsa

Lauyan da ya kafa hujja da tsohon hukunci, bai faɗi inda yake ba, tamkar mai aika wasiƙa ne ba adireshi. Ga misali: Awolowo v. Shagari (1979) 6-9 SC 51. Sunan farko na mai ɗaukaka ƙara ne, na biyu na abokin shari'arsa. A 1979 aka yanke hukuncin, kan gardamar kashi biyu bisa uku na jihohi 19. SC, watau kundin hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli. 6-9 lambar littafin. 51 shafin da shari'ar ta fara. In lamba ɗaya ta kuskure, alƙali ya duba bai gani ba, hujja ta raunana. Wanda ya ɗauki lauyan kuwa shi ke kwana ciki.