Tsoro Ba Ladabi Ba Ne: Labarin Wani Ɗan Riƙo Mai Ƙafa Huɗu

A wannan mako zan ajiye zancen tsadar kaya, in ba ku labarin wani ɗan riƙo da ya zauna gidana wata biyar. Kare ne. Na san wani zai ce Malam ya rasa abin faɗi, amma a yi haƙuri a ji ƙarshen zance.

A watan Yuni na 2024, wata safiya bayan an kwana ana sheƙa ruwa irin na Ikko, sai ɗana ya shigo da gudu ya ce, "Baba, ga wani kwikwiyo can cikin kwata, ruwa zai tafi da shi." Muka sa buhu muka tsamo shi, duk haƙarƙarinsa a waje, kaska ta cika masa kunne, ga tabon duka a gadon baya. Uwargida ta ce ita fa ba za ta zauna da kare ba. Muka daidaita a kan cewa riƙo ne kurum, in ya murmure sai a miƙa shi ga wani abokina mai gonar kaji a wajen Ota, wanda ya daɗe yana neman karen gadi. Yara suka raɗa masa suna Tsintuwa.

Tun ran nan na kai shi wurin likitan dabbobi, kuma ina roƙon duk wanda ya tsinci kare ya fara da haka. Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Allurar rigakafin karnuka kuwa akwai ta a ƙasar nan, har ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Likita ya yi wa Tsintuwa allura, ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, ya ce a ware shi daga yara tukuna a sa masa ido.

Da ya buɗe bakinsa ya ga haƙoran nono sun fara zuba, sai ya ce, "Malam, wannan ya kai wata huɗu. Jikinsa zai warke da wuri, zuciyarsa ce aikin." Ga abin da yake nufi. A 1965 wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, suka wallafa sakamakon binciken da suka shafe shekara 13 suna yi a kan karnuka. Sun nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo yake sabawa da mutane cikin sauƙi. Watau dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, Tsintuwa ya cinye waɗannan makonni a bola, bai san kome game da ɗan Adam ba sai jifa.

Kwana uku yana ƙarƙashin wani tsohon benci a bayan gida, ba ya fitowa cin abinci sai dare ya raba. In ka ɗaga hannu ko da sosa kai za ka yi, sai ya kwanta ya saki fitsari. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Dabarar da likita ya ba ni ita ce kada in bi shi, kada in zura masa ido, domin a wurin kare wannan barazana ce. Sai in zauna nesa kaɗan in ba shi gefe, ina karatun jarida, ina jefa masa 'yar tsokar nama. Kullum ina rage tazarar. A rana ta tara ya zo da kansa ya karɓa a hannuna, yana rawar jiki.

Daga nan muka shiga koyon ladabi, minti biyar da safe, minti biyar da yamma. Kalmomi uku kawai, "zo", "zauna", da "bari", kuma kowa a gidan su zai faɗa, ba sauyi. In ya yi daidai, lada nan take, domin kare ba ya iya haɗa abin da ya aikata ɗazu da abin da ya samu yanzu. Aka shata masa iyaka: ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar kwanukan abinci ko wurin alwala, ba ya ɗare wa baƙo jiki. Tun da gonar kaji za shi, sai na riƙa zama da shi a ɗaure kusa da kajin uwargida. In ya dube su ya kau da kai, ga nama. In ya zabura, sai in ce "bari", in ja shi baya.

Amma fa na yi kuskure, kuma ba zan ɓoye ba. Wata ranar Juma'a na fito na tarar ya tattauna sabon takalmina. Raina ya ɓaci, na ɗauki ɗayan na wurga masa. Alhali kuwa laifina ne, domin kwikwiyo mai canjin haƙori dole ya tauna abu, ni ne na bar takalmi a hanyarsa. Jifa guda ya mayar da mu inda muka faro. Ya koma ƙarƙashin benci, har da ɗana ya matso da tsintsiya zai yi shara, ya yi masa gurnani.

Maƙwabcina, wani dattijo, ya ce, "Malam, kare ba ya jin magana sai da sanda. Ka zane shi ya daina wannan gurnani." To, a nan ne na saɓa da shi, kuma a nan ne gaɓar zancen take. Gurnani gargaɗi ne, kare yana cewa a matsa, a tsorace yake. In ka doke shi har ya daina, ba ka cire tsoron ba, gargaɗin ka cire. Ran da ɗan maƙwabta ya ritsa shi a lungu, cizo zai ji ba sallama. Mako biyu na yi ina lallashi kafin ya sake amincewa da hannuna.

Ba sabon ilimi ba ne wannan. Mafarautanmu da makiyaya sun daɗe da sanin cewa karen da ke amsa kira a tsakiyar daji ba sanda ce ke dawo da shi ba, sabo ne da amana. Mu mazauna birni ne muka mayar da jifan kare wasan yara, mu zauna muna kallo ba mu tsawata ba, sa'an nan in ya yi cizo mu ce mugun dabba ne. Ba na cewa kowa ya ajiye kare. Wanda ba shi da wuri, ko hali, ko bukatar gadi, kada ya ɗauka. Amma wanda ya ɗauka, ci da sha da magani da tarbiyya duk suna wuyansa.

A watan Nuwamba abokina ya zo da mota. Na ce "zauna", Tsintuwa ya zauna, aka ɗaura masa igiya ba gardama. Uwargida da ta ce ba ta zama da kare, ita ce ta ƙulle masa ƙashi a leda. Har yau, in ji mai gonar, bai taɓa kaza ko ɗaya ba, amma in baƙo ya ɗaga sanda yakan ja da baya. Tabon farko bai gushe duka ba. Iyaye da malaman da ke ganin shirun yaro a gaban bulala shi ne tarbiyya, sai su yi wa wannan magana duban tsanaki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.