Jan Kunne Ga Masu Murnar Tuɓe Shugaba

Da sunan Allah muke farawa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Hayin Banki, ku sani wata magana ta yawaita a zaurukanmu tun da soja suka kifar da Bazoum a Yamai a shekarar 2023, ana cewa in dai an tuɓe shugaba, to ƙasa ta zauna. Wannan magana ɓata ce, kuma hujjarmu ba nesa take ba, tana nan cikin garin Kaduna.

A shekarar 1979 talakawa suka zaɓi Malam Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama gwamna, amma rinjayen majalisa yana hannun NPN. Ya soke haraji da jangali. Ya kai sunayen waɗanda yake so su zama kwamishinoni, majalisa ta ƙi, ya sake kaiwa, ta sake ƙi, har ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishina ko ɗaya. Ran 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin. Sa'an nan a 1983 kujerar da NPN ta daɗe tana nema ta zo hannunta, Alhaji Lawal Kaita ya hau a watan Oktoba. Wata uku ya yi. Ran 31 ga Disamba soja suka kawar da Shagari, da gwamna, da majalisar duka. Wanda ya tsige da wanda aka tsige suka zama ɗaya.

In wani ya ce, ai tsarin mulki ya ba majalisa ikon tsigewa, sai mu ce gaskiya ne, amma halaccin wuƙa ba shi halatta kowane yanka. In ya ce, ai ba tsige Balarabe ya kawo soja ba, sai mu ce ba mu faɗi haka ba. Abin da muka faɗa shi ne, masu rinjaye sun ɓata shekaru suna kokawar kujera, ba su gyara abin da zai sa talaka ya tsaya musu ba, ranar da bindiga ta zo kuwa ba wanda ya fito ya kare su.

Ya kai almajiri, ka fi kowa sanin wanke allo ba shi ne hadda ba. Tuɓe shugaba wanke allo ne kawai. Saboda haka kada ku yi guɗa ranar tuɓewa. Ku jira ku ga sabon mai mulki: shin alƙali yana iya yanke hukunci a kansa? Shin mai suka yana kwana a gidansa? Shin ya faɗi ranar saukarsa, ya kuma cika? In babu waɗannan uku, to ƙofar da ya shigo ta nan a buɗe take, wani yana tafe.

Haza wassalam.