Gajiyar da Baƙo Ba Ya Gani

Duk wanda ya saba sauka a otal ɗaya a Kano ko Abuja zai lura cewa fuskar da ta tarbe shi bara ba ita zai tarar bana ba. Masu otal kan ce yaran zamani ba su da haƙuri. Ni ban yarda ba. Na taɓa ganin wata mai gyaran ɗakuna tana cicciɓar katifa ita kaɗai don ta cusa zanin gado, ta miƙe dafe da ƙugu, ga sauran ɗakuna na jiranta kafin azahar, domin abokiyar aikinta ta ajiye aiki ba a ɗauki wata ba. Haka abin yake juyawa: ɗaya ya tafi, kayansa ya hau kan waɗanda suka rage, su ma su gaji su bi bayansa. Mai karɓar baƙi ya kwana ido biyu, janareta ya mutu, baƙo ya sauke masa kwandon masifa, manaja kuma ya ba baƙon gaskiya a gabansa. Wannan, a ganina, ya fi ƙarancin albashi ciwo. Shi ma albashin abin dubawa ne: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ya zama doka a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, nan ƙananan otal-otal suke fakewa, ga kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin mai a 2023. Ko hutun kwana shida a shekara da dokar ƙwadago ta tanada, wasu sai sun roƙa.