Kuɗin Gida: Kada Mu Zarce Abin Da Muka Ajiye

Da yawa cikinmu mukan ciri kuɗi a banki ba mu duba abin da ya rage ba. In muka zarce ajiyarmu, bashi ke nan muka ci, banki kuwa zai ɗora ruwa a kai. Albashi na shiga sai ya fara cire nasa, cefanen wata ya ragu.

Saboda haka maigida da uwargida su riƙa rubuta duk abin da ya fita. Kafin mu buɗe asusu kuma, mu zaga banki biyu ko uku mu ji nawa kowanne yake yanka. Mu tabbata hukumar NDIC ta tsaya wa bankin. Tun 2024, in bankin kasuwanci ya rushe a Nijeriya, tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5. Matambayi ba ya ɓata.