Kujeru Arba'in, Babu Mace Ko Ɗaya

Ana yawan gardama a kan wa ya fi iya fitar da doka a majalisun jihohi, maza ko mata. A Amurka masana sun bi aikin majalisar tarayyarsu, suka tarar matan jam'iyyar adawa sun fi mazan jam'iyyarsu iya lallaɓa ƙudirinsu har ya yi nisa, gama sun fi neman haɗin kai da ɗaya ɓangaren.

Mu nan Kano, 'yan'uwa, da wa za mu gwada? Majalisar Dokokin Jiha kujeru 40 gare ta, har da ta Tarauni da mutanen Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi suke zaɓa, amma zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya ciki ba. Alhali ranar zaɓe mata ne suke cika layi tun da sassafe, da goyo a baya. A irin wannan majalisa, ko kwamitin harkokin mata namiji ne yake riƙe da shi.

Abin da za mu iya aunawa shi ne daɗewar dokokin da suka shafi mata da yara. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003. Tamu ta Kano sai a watan Mayu na 2023 Gwamna Ganduje ya sa mata hannu, ana saura kwanaki ya sauka. Shekara 20 ke nan. Jaririyar da aka haifa a 2003 ta isa ta yi nata goyon. Ba mu ce mazan duka ba su damu ba. Amma ƙudirin da babu mai tashi ya tuna da shi kowane mako, ƙura yake sha a kwamiti.

Sa'an nan kada mu ruɗi kanmu da ƙirga ƙudirori. A jihohinmu yawancin dokokin da suke wucewa daga ofishin gwamna suke fitowa, saboda haka nasarar ɗan majalisa takan bi kusancinsa da gwamna da shugaban majalisa. Mace ɗaya tsakanin maza da wuya ta sami wannan ƙofa. Margaret Icheen ta zama shugabar Majalisar Binuwai a 1999, ta sauka a 2002 wa'adinta bai cika ba. A watan Maris na 2022 kuwa Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudirori 5 na mata, ciki har da wanda zai keɓe musu kujeru a majalisun jihohi, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a bakin ƙofarta a Abuja.