Kafin ka ɗaga Hilux ɗinka sama, tsaya ka karanta wannan

1/ Jama'a, yau maganar ƙafar mota zan yi, musamman saboda ku samarin da Allah ya hore wa a-kori-kura kuke ta cika min inbos da tambaya ɗaya: "Oga, me zan saka motar ta tashi sama kamar ta Turawan nan na YouTube?" Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri. Wanda ya karanta har ƙarshe zai tsira da kuɗinsa, wataƙila har da ransa.

2/ Ra'ayina a taƙaice: sifirin da shokozoba ana zaɓensu ne da nauyin da kake ɗauka da kuma hanyar da kake bi. Tsayi shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Ga mafi yawanmu inci 2, wato kusan santimita 5, ya isa har ya yi yawa. Wanda ya wuce nan don a kalle shi a majalisa, to ado ya saya, ya biya da lafiyar motar.

3/ Ni ma na yi wannan wautar, shi ya sa nake da bakin magana. Da na sayi tawa, na sa aka cusa faifai mai kauri a saman sifirin ɗin gaba, a baya kuma mai walda ya ƙara tsawon marataya. Mota ta tashi kusan inci 4. Wallahi ta yi kyau a hoto. Sati biyu ina yawo cikin gari ina jin kaina.

4/ Sai ranar da muka ɗauko shinkafa daga gona, ƙanina yana baya a kan buhuna. Akuya ta faɗo mana a kwana, na kauce, sai na ji motar ta kwanta gefe ɗaya kamar kwalekwale. Ba mu kife ba, Allah ya kiyaye, amma yaron ya faɗo ya karye a hannu. Har yau idan Hajiya ta kalli hannun nan sai ta kalle ni. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

5/ To bari mu fara daga tushe. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke tsayar da tsayin mota. Shokozoba ba ya ɗaukar kaya, aikinsa hana motar yin ta rawa bayan ta faɗa rami. A cikinsa mai ne ake matsawa ta ƙananan huda. Saboda haka idan bayan motarka ya zauna, ko shok na miliyan nawa ka saya ba zai tashe shi ba. Sifirin ne ya gaji.

6/ Hilux daga ƙirar 2005 zuwa yau, gabanta sifirin mai naɗi ne da shok a cikinsa, kowace taya da hannayenta biyu, na sama da na ƙasa. Bayanta kuma sifirin mai falle-falle ne a kan aksul guda. Land Cruiser 79 daban take, ita har gaban aksul guda ne. Don haka abin da ka ga an yi wa 79 ba lallai ya zauna a Hilux ba.

7/ Ga abin da masu sayarwa ba sa faɗa maka. Ɗaga mota ba ya ɗaga tulun aksul ɗin baya ko da kauri ɗaya na farce. Jiki ne ke tashi, aksul yana nan inda yake, tunda a kan taya yake zaune. Shi ne kuma yake fara dukan ƙasa idan ka shiga hanyar da manyan motoci suka yi wa kwari a damina. Taya kaɗai ke ɗaga shi.

8/ Ita ma tayar mu yi lissafi. Daga 265/65 R17 zuwa 265/70 R17 tsayin taya ya ƙaru da kusan milimita 26, amma rabinsa ne ke ƙasan aksul. Ribarka milimita 13. Sannan agogon gudu zai fara yi maka ƙarya: yana nuna 100 kana kan 103. Ka ƙara girman taya fiye da haka, sai shan mai ya ƙaru, birki ya yi sanyi, tayar ta fara gugar jiki a kwana.

9/ Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce a bar mota yadda kamfani ya ƙera ta har abada ba. Wanda ke bin burji mai gargada kullum, ko yake shiga fadamar Haɗeja da damina, ko rairayin Yusufari, ko yake hawa tsaunin Mambila da kaya, tabbas yana buƙatar ƙafa mai kyau. Abin da nake ja da shi shi ne sayen kaya kafin ka san matsalarka.

10/ Tambaya ta farko da za ka yi wa kanka: nauyi nawa ke zaune a motar KULLUM? Ba na ranar kasuwa ba, na kullum. Bambar ƙarfe a gaba, winci, tankin ruwa, rumfar baya, akwatin kayan aiki, tayar safaya ta biyu. Rubuta su, ka haɗa kilo. Kamfanonin kirki da wannan lissafin suke sayar da sifirin: na mota marar kaya, na kilo 300 na dindindin, na sama da haka.

11/ Nan ne samari ke faɗawa rami. Kowa sai ya ce a ba shi "mai ƙarfin". Ka saka sifirin ɗin manyan kaya a motar da yawanci fanko take yawo, sai bayan ya koma kamar amalanke. Kowane rami a ƙugunka zai sauka. Mafi muni, a kan gargada tayoyin baya suna tsalle ba sa kama ƙasa, ka taka birki bayan ya juyo ya gaishe ka.

12/ Tambaya ta biyu: wace hanya? Idan gargada ce mai nisa, man cikin shok yana zafi ya yi kumfa, sai ka ji motar ta fara lilo kamar babu shok ɗin. Maganinsa shok mai faɗin ciki da ke ɗaukar mai da yawa, ko mai ɗan tanki a gefe. Amma idan tafiyarka kwalta ce sai ƙarshen mako ka leƙa gona, mai tankin nan asarar kuɗi ce kawai.

13/ Sunaye kuwa, Old Man Emu, Ironman 4x4, Dobinsons da Tough Dog duk 'yan Ostareliya ne, ƙasar da ke da burji da zafi da ƙura irin namu. Bilstein na Jamus ne, KYB na Japan, Fox na Amurka. Ba wanda ya biya ni, kuma ba zan ce wane ya fi wane ba. Abin dubawa: lambar kayan ta dace da ƙirar motarka da shekararta? Shok ɗin tsawonsa ya dace da sifirin ɗin?

14/ Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau. Dogon sifirin da gajeren shok, duk lokacin da taya ta sauka rami shok ɗin ne zai miƙe har ƙarshe ya buga, ba jimawa ya fara yoyo. Shi ya sa na fi son a sayi saiti guda daga kamfani guda. Kuma bibbiyu ake canzawa, dama da hagu tare. Sabo ɗaya tsoho ɗaya, motar za ta riƙa karkata.

15/ Na san wani zai ce, "Malam, ka san farashin dala kuwa?" Na sani, ni ma a nan nake. To ga shawara: idan kuɗinka bai kai saitin ba, sayi sabon shok na asali daidai tsayin kamfani, ka canza duk bushin da ya mutu, ka duba boljoyin da tayarod. Wallahi da yawa daga masu kukan mota ba ta da daɗi, robobi ne kawai suka cinye.

16/ Shok na hannu kuwa caca ne. Za a wanke shi a fesa masa fenti ya yi ta ƙyalli, amma cikinsa Allah kaɗai ya san tafiyar da ya yi. Idan dole ce, duba sandar babu tsatsa ko karce, babu danshin mai a wuya, ka danna ka ja ka ji yana riƙewa daga farko har ƙarshe. Jabu ma ya cika gari. Araha ba ta ado.

17/ Abubuwa uku da ba zan sake bari a yi wa motata ba:
a) gasa sifirin da wuta don a lanƙwasa shi, wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen
b) walda a jikin sifirin ko ƙara wa marataya tsawo da guntun ƙarfe
c) cusa fallen sifirin ɗin babbar mota a tsakani
Duk ukun za su ba ka tsayi yau, gobe su karye maka a inda babu sabis.

18/ Me ya sa na tsaya a inci 2? A gaban Hilux, idan ka wuce nan, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba yana karkacewa sosai, robarsa ta yage, ƙura ta shiga. Boljoyin ɗin sama yana kaiwa maƙura, alaimen ya ƙi zama sai ka sayi wasu hannayen sama na musamman. Sannan duk yadda nauyi ya yi sama, haka kifewa ke matsowa kusa. Koma lamba 4.

19/ Yanzu ranar ɗaurawa. Ko a wurina wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci. Kafin a kwance komai, faka a wuri mai laushi daidai, ɗauki tef ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin mota na samanta. Rubuta duk huɗun a wayarka. Bayan aiki a sake aunawa. Ba tare da wannan ba, kai da makanike musu kawai za ku yi.

20/ Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa matokarai na ƙarfe, ba bulo ba. Sifirin ɗin gaba kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya fasa wa mutum fuska, sai da na'urar matse shi ake kwancewa. Idan ka ga an ɗauko igiya da rodi, an kira yaran gareji su danne, ɗauki motarka ka tafi. Yaran nan ma 'ya'yan wasu ne.

21/ Sirrin da ke kashe sabon bushin cikin 'yan watanni: ɗaure notinsa tamau alhali mota na rataye a sama. Idan an sauke ta, robar za ta zauna a murɗe har ta yage. Daidai shi ne a ɗaura sako-sako, a sauke motar a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ƙarasa ɗaurewa. Ka tsaya a wurin ka gani da idonka.

22/ Yu-bol ɗin da ke haɗa sifirin da aksul a sa sabo, tsohon ya riga ya miƙe. A ɗaure da sifana mai awo yadda takardar ta ce, ba da bututu a hau kai da ƙafa ba. Wasu sifirin kuma suna zuwa da alamar ɓangare. Ka tuna sitiyarin Ostareliya a dama yake, namu a hagu, don haka "ɓangaren direba" a takardarsu yana iya rikita ku.

23/ Kafin a sauke daga jak, a bar tayoyi su rataya har ƙarshe a duba tiyon birki da wayar ABS. Idan sun miƙe kamar tsirkiya, rami ɗaya zai tsinke su. Tsofaffin Hilux marasa ABS kuma suna da wani ɗan bawul a baya da ke auna nauyi ya raba ƙarfin birki. Ka ɗaga mota ba a gyara sandarsa ba, zai ɗauka fanko kake ko da kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi.

24/ Daga gareji kai tsaye wurin alaimen, kada ka ce sai gobe. A saita fitilu ma, kada ka riƙa kashe wa mutane ido da dare. Bayan kamar kilomita 500 ka koma a sake bin duk notuna, musamman yu-bol, domin sabon sifirin yana ɗan zama. Mutane da yawa wannan komawar ce suke ƙyuya, sai aksul ya fara motsi.

25/ Wata gaskiyar mai ɗaci: sabon sifirin bai ƙara wa motarka yawan kayan da aka ƙera ta ta ɗauka ba. Birki, casis, aksul da taya duk na jiya ne. Hilux kusan tan ɗaya take ɗauka, kuma har da kai da fasinjojinka a lissafin. Buhun masara 10 masu kilo 100 sun riga sun cinye shi. Motar ta daina durƙusawa, amma nisan tsayawar birki bai ragu ba.

26/ Kuma abin da ya fi komai araha ba ma a shago yake ba: iskar taya. Rage iska kafin ka shiga rairayi ko gargada, ka rage gudu, ka mayar da iskar idan ka hau kwalta. Ma'aunin iska da ɗan famfo mai aiki da batir za su fitar da kai inda inci 4 ba za su fitar da kai ba.

27/ Tawa yanzu inci 2 take, sifirin matsakaici, babu faifai, babu walda. Ba ta tsayar da mutane a titi kamar da, amma tana kai shinkafa gida, kuma babu wanda ke hawa kan kaya a baya, ko waye shi. Mai tambaya ya ajiye min ƙirar motarsa, shekararta, kayan da yake ɗauka da hanyar da yake bi, zan amsa bayan Isha'i in sha Allah. Allah ya kiyaye hanya.