Ta ina bututun ruwan gininku ya bi? Ku sa waya ta riƙe muku

Jama'a, ku gwada wannan. Ku shiga wata makaranta ko asibiti ko babban masallaci a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ku tambaya ta ina wayar wuta ta bi cikin bango, ta ina bututun da ya sauko daga tanki ya ratsa. Amsar ba ta wuce "sai mai gyaranmu ya zo." To idan Allah ya yi masa rasuwa fa? Ko rashin tsaro ya sa ya koma Funtua? Sai a kira sabo ya hau fasa bango yana lalube, ga kuɗin siminti a yanzu.

A waje akwai abin da ake kira BIM: a zana ginin a kwamfuta da siffarsa, kowace waya da bututu da famfo na ɗauke da bayaninsa, girmansa da ranar da aka saka shi. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta shi a gine-ginenta tun 2016. Tsohon gini kuwa da na'urar leza ake auna shi, har iPhone 12 Pro da ta fito a 2020 tana da irinta, manhajar Polycam na aiki da ita.

Sai dai fa leza ba ta ganin cikin bango. Abin da filasta ta rufe yana kan mutumin da ya saka shi, shi ya sa a ganina kuskure ne mu zauna jiran manhaja mai tsada.

Ko Tecno ce a hannunku ta isa. Ku zagaya da mai gyaran ɗaki-ɗaki, yana nunawa yana bayani kuna ɗaukar bidiyo. Ku biya shi kuɗin yininsa, don wannan sanin shi ne abincinsa, ba kowa zai yarda ya bayar kyauta ba. Duk ranar da aka fasa bango ko aka tona ƙasa, ku ɗauki hoto kafin a rufe, da tef ɗin awo a jiki, ku sa wa hoton sunan ɗakin.

Ku ɗora su a Google Drive, 15GB kyauta ne. Amma da imel ɗin makarantar ko na kwamitin masallaci, ba na hedimasta ba, don gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki.